Sola a Kan Rufi, Kuran a Kan Turke: Inda Wutar Biyu Ke Karo a Kance

Waɗanda suka tsara layin lantarki na garuruwanmu abu ɗaya suka sa a rai: wuta za ta taso daga nesa, ta biyo waya, ta shiga gida, ta ƙare a can. Haka aka gina shi a ko'ina a duniya, haka yake a Kance. Kuran ɗin da ke juya fanka a nan yana cikin rukunin da kamfanin NIGELEC ke ciyar da jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa da shi, kuma babban layin rukunin shi ne mai bolt 132,000 da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa tun shekarun 1990. Daga nan ake rage masa ƙarfi hawa-hawa. Layukan da ke ratsa karkara suna ɗauke da bolt 20,000 ko 33,000, sai taransifomar da ke rataye a bakin unguwa ta sauko da shi bolt 220, wanda ƙwan fitila da firigo ke iya ɗauka. Kowace waya da kowane fis a wannan doguwar hanya an auna su ne bisa cewa gida sha kawai yake yi, ba ya bayarwa.

A farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, wuta ta dawo, amma mutane sun riga sun ɗauki darasi. Duk mai hali ya nemi farantin sola, ko daga kasuwar Dole ta Damagaram, ko daga Kano ta hanyar Daura da Ɗan Barto, ga shi kuma farashin kayan China ya faɗi warwas a daidai wannan lokaci. Nijar ba baƙuwar wutar rana ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka kunna talabijin na makarantu da faranti, kuma Farfesa Abdou Moumouni ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin binciken makamashin rana a Yamai. Sabon abu shi ne, yanzu gida ɗaya yana da wuta iri biyu, ta rufi da ta turke, kuma dole akwai wurin da suke haɗuwa a bango ɗaya. Yawancin ɓarnar da ake yi a wannan mahaɗar take faruwa.

Kafin a yi nisa, sola iri uku ce, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ba ruwanta da layin gwamnati: faranti ɗaya ko biyu, batir, fitilu da cajin waya, irin wadda ta cika ƙauyukan gundumar Kance inda turke bai kai ba. Wannan ko ta ƙone, a gidan mai ita abin zai tsaya. Akwai ta biyu, wadda masu shaguna da manyan gidaje a Kance da Matameye suka fi saye: inbata mai karɓar wuta ta ƙofa biyu, daga faranti da kuma daga NIGELEC, tana cika batir, in an ɗauke kuran ta ci gaba da ba gida. Ta uku ita ce mai tura rarar wutarta cikin layin gari. Ita ce ta cika rufin gidaje a Turai da Ostareliya, kuma a kanta ake yawan rubuce-rubucen cewa sola na neman kayar da layin ƙasa. A wajenmu ba ta yawaita ba tukuna, sai dai yawancin sababbin inbatoci na iri na biyu suna da wannan damar a cikinsu, maɓalli kawai ake taɓawa.

Mai lambun rake a fadamun Matameye ya san ilimin da ake bukata a nan. In ya tayar da injin ban ruwa, kusa da injin ruwa na fita da ƙarfi, a ƙarshen dogon tiyo kuwa sai ya riƙa zuba a sanyaye, don tiyon kansa ya cinye wani abu daga turin. Ƙarfin turin nan shi ne bolt, yawan ruwan da ke wucewa kuma shi ne amfiya. Kamfanin wuta ya san gidan da ke ƙarshen layi zai samu raguwa, don haka yake saita taransifoma ta ɗan haura 220, domin na ƙarshe ma ya samu abin da zai ishe shi. To a ce mutumin ƙarshen tiyo ya kawo nasa injin, yana son tura ruwa cikin tiyon ya koma baya. Ba zai shiga ba sai turinsa ya fi wanda ya tarar. In mutum goma suka yi haka da tsakar rana, lokacin da ba mai buɗe nasa bakin, tiyon zai kumbura, ya fashe a inda ɗaurinsa ya fi rauni.

Ga lissafin a waya. Inbata mai tura kilowat 3 a kan bolt 220 tana fitar da kusan amfiya 14. In gidan yana ƙarshen siririyar wayar alminiyam mai tsawon mita 250 daga babban layi, wannan kaɗai na iya ɗaga wutar wurin da bolt 13 ko 14. Kayan gida an ƙera su ne su jure kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato har wajen 242. In dama taransifoma na ba da 232 da rana saboda mutane suna gona ko kasuwa, gida ɗaya ya isa ya tsallake iyaka. Kuma ba mai solar kaɗai zai ji a jikinsa ba. Maƙwabcinsa da bai taɓa sayen faranti ba, shi ne zai ga ƙwayayen fitilarsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, cajar waya tana zafi, bai san dalili ba.

Ƙasashen da suka riga mu sun sha wannan. A Ostareliya, inda kusan gida ɗaya cikin uku ke da faranti a rufi, jihar Ostareliya ta Kudu ta kai matsayin da wasu ranaku da tsakar rana wutar rufin gidaje ke kusan ɗauke bukatar jihar baki ɗaya. Manyan injina sai su rasa aiki, alhali nauyin juyawarsu ne ke riƙe bugun wutar a kan sau 50 a daƙiƙa. Tun Satumban 2020 aka wajabta cewa duk sabuwar inbata a jihar ta zama wadda za a iya kashewa daga nesa, kuma a Maris na 2021 aka fara kashe na mutane da gangan don a ceci layin. Labarin Jamus ya fi ba ni mamaki, don kiyayewa ce ta zama haɗari. An umarci kowace inbata ta cire kanta daga layi da zarar bugun ya kai 50.2. Lokacin da inbatocin ba su da yawa, dabara ce mai kyau. Da suka yi yawa sai injiniyoyi suka lura cewa ɗan tangarɗa kaɗan zai sa dubban megawat su ɓace cikin ƙiftawar ido, duka a tare. Daga 2012 aka bi na'urori sama da 300,000 ana sake musu saiti. Ko ɗaukewar wutar da ta rufe Sifaniya da Fotugal ranar 28 ga Afrilu 2025, binciken gwamnatin Sifaniya ya ɗora ta ne a kan hauhawar bolt da aka kasa dannewa, tashoshi suka riƙa ficewa suna ƙara wa matsalar ƙarfi.

Amma in aka kwaso wannan tsoro aka sauke shi a Kance yadda yake, an yi kuskuren wuri. Mu ba rarar wuta ke damunmu ba. Layinmu yunwa yake ji, kuma hanyar da sola ke ƙara masa nauyi ta bayan gida take biyowa, ta wajen batir.

A duba abin da ke faruwa a daƙiƙar da aka maido kuran, musamman da magariba a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Yara sun yi ihu a titi, fitilu sun kama. A wannan daƙiƙar duk abin da aka bari a kunne yana tashi tare: fankoki, firigo, injin daskarar da ƙanƙara, famfon da ke tura ruwa tanki. Injin firigo in zai tashi yana jan ninki huɗu ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Wannan tsohuwar matsala ce, taransifoma ta saba haɗiye ta, don ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Sabon baƙon shi ne inbata. Rana ta faɗi, batir ya sha aiki tun la'asar, sai ta ga wutar gari ta zo, nan take ta buɗe baki tana cika shi. Batir mai bolt 48 da ake cikawa da amfiya 30 yana cin fiye da kilowat ɗaya da rabi, in an saita shi a 60 ya wuce kilowat 3. Kuma ba na daƙiƙu ba ne, awa biyu ne, uku, huɗu. Batirin litiyam da ake yayi yanzu ya fi na da haɗama, don yana karɓar wuta mai yawa har kusan ya cika.

Mu ƙaddara unguwa mai taransifomar kVA 100, irin wadda ake ratayewa a turke, da gidaje 150, kowanne yana cin wat 500 da dare. Jimla kilowat 75, tana ɗauka ba gardama. Sai gidaje 20 daga ciki suka sa inbata, kowanne ya ƙara kilowat 2 na caji. An ƙara 40, an kai 115. Ba a gina sabon gida ko ɗaya ba, ba wanda ya je ofis ya nemi ƙarin wuta, a takarda unguwar tana nan yadda take. Taransifoma ba ta fashewa ranar farko. Man da ke cikinta ne ke ɗaukar zafi, takardar da ta naɗe wayoyinta tana gasuwa a hankali, kuma ƙa'idar injiniyoyi ita ce duk ƙarin kimanin digiri 6 a kan zafin da aka ƙera ta dominsa yana raba kwananta biyu. Kafin ta mutu za a ga alamu: fitila ta yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, fis yana yawan tsinkewa, wani mai ƙarfin hali ya hau ya ɗaura masa waya mai kauri don ya daina damun mutane. Daga ranar da aka yi wannan ɗaurin, abin da ya rage ya ƙone shi ne taransifomar kanta.

A yi wa sola adalci: da rana sauƙi take kawo wa layi, don gidajen nan ba sa jan komai. Matsalar ita ce tana ɓacewa daga lissafi lokacin da layin ke da sarari, ta dawo da nauyi mai yawa lokacin da ya fi ƙunci. Kuma gyaran ba ya cin ko dala. Kusan duk inbatocin nan suna da wurin da ake zaɓar inda batir zai ci: rana kaɗai, rana da farko, ko duk wadda ta samu. Suna kuma da wurin rage amfiyar cajin da ake ja daga layin gari. Yawancin masu haɗawa yadda ta fito daga kwali suke barin ta, ko ma su ƙara, don mai gida ya ga batir ya cika da wuri ya yaba aikinsu. Wanda ya sauke cajin layi zuwa amfiya 10 ya bar sauran wa rana, ya rage kuɗin da yake biya a wata, batirinsa ya huta da zafi, unguwa ma ta huta.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni, don rai yake ɗauka. Akwai wata waya da za ka gani a gidaje da shaguna, guntuwa, mai kan sokawa a kowane gefe. Mai gida ba ya son kashe kuɗin raba layi, don haka in an ɗauke wuta sai ya soka kai ɗaya a inbata, ɗaya kuma a soket ɗin bango, gida duka ya haska. Tun zamanin janareta ake wannan. Na ji wani matashi mai gyaran wuta yana fama da wani dattijo a kanta, yana juya ta a hannu, ƙarfen kan ya riga ya yi baƙi:

"Alhaji, ranka ya daɗe, wannan wayar ce za ta ja mana magana."

"Kai yaro, kullum sai na sauke bireka kafin in soka ta."

"To Baba, ranar da ka tafi Damagaram fa, wa zai sauke?"

Tambayar ke nan. In ba a sauke birekar da ke wajen mitar wuta ba, abin da inbata ke fitarwa ba ya tsayawa a gida. Yana bin wayar ya fita, ya hau turke. Sau da yawa nauyin unguwa duka ya fi ƙarfinta, sai ta yi ƙara ta mutu da kanta, a ce an tsira. Amma in waya ta tsinke a kusa, ko ma'aikata sun cire fis don su yi gyara, guntun layin da ya rage ƙarami ne, inbata za ta riƙe shi da rai. Ma'aikacin ya yanke wuta daga inda ya san tana zuwa, ya hau da natsuwa, ga ta tana jiransa daga ɗaya gefen. Taransifoma kuma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauke 20,000 zuwa 220, haka take ɗaga 220 zuwa 20,000 in an ba ta ta ƙasa. Don haka ne ƙa'idar aikin layi ta ce a auna, a kuma ɗaure wayoyin da ƙasa ta kowane gefe kafin a taɓa.

Ko ba a taɓa kowa ba, inbatar ba ta tsira. Wutar layi kai-komo take yi sau 50 a daƙiƙa, ta inbata ma haka, amma kowacce da nata takun. In kuran ya dawo ya tarar da ita a kan waya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai ka ji tas, wari ya tashi. Mai gida ya ce wuta mai ƙarfi aka kawo ta ƙona masa kaya, alhali shi ya haɗa su faɗa. Inbatar da aka ƙera don tura wuta cikin layi tana sauraron takun layin ta bi shi, kuma ƙa'idar duniya ta wajabta mata ficewa cikin daƙiƙa biyu in layin ya mutu. Wadda ba a ƙera don haka ba, maganinta makunnin sauya layi ne, wanda hannunsa ke da wuri uku: gari, kashe, sola. Yadda aka gina shi, ba zai yiwu biyun su haɗu ba ko yaro ne ya ja. Kuɗinsa bai kai na faranti ɗaya ba.

Wani abu kuma ga wanda ya buɗe wa inbatarsa damar turawa waje yana zaton mitar za ta koma baya: mitocin kati da yawa ba sa bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita, duka ci suke lissafawa. Sai mutum ya ba layi wutarsa kyauta, a kuma cire masa kuɗi a kai.

Akwai wata ƙonewar da ake yawan ɗora wa sola ko kamfani, alhali tushenta waya ɗaya ce. In ka ɗaga kai ka dubi layin unguwa, wayoyi huɗu ne: uku masu wuta, ɗaya ta komawa, wadda masu aikin ke kira nitiral. Kowane gida yana rataye tsakanin ɗaya daga cikin ukun da ta komawar, shi ya sa yake samun 220. Tsakanin masu wutar biyu kuwa 380 ne. In nauyi ya rabu daidai a kan ukun, ta komawar kusan hutawa take. In aka jibga manyan inbatoci a kan guda, ita ke ɗaukar bambancin, mahaɗinta ya yi zafi, ya saki, iskar farkon damina ta ƙarasa shi. Da zarar ta tsinke, gidajen layi biyu sun koma raba 380 a tsakaninsu, kuma rabon ba na adalci ba ne: ɓangaren da ya fi nauyi wutarsa ta faɗi, ɓangaren da ba ya jan komai tasa ta haura 300. Shi ya sa za ka ga a layi ɗaya gidan nan fitila ta dushe, gidan da ke kallonsa talabijin na hayaƙi. Duk wanda ya ga fitilarsa ta yi wani irin haske fari fat ba gaira ba dalili, ya ruga ya sauke bireka kafin ya tambayi maƙwabci. Akwai 'yar na'ura da ake sawa bayan mita, mai nuna lamba, wadda ke yanke gida in wuta ta wuce iyakar da aka sa mata, ta kuma jira 'yan mintuna bayan an maido kuran kafin ta buɗe. Jiran nan yana da amfani biyu: tashin farko mai hargitsi ya wuce, injin firigo kuma ya samu ya huce kafin ya sake tashi.

Sauran haɗarin a cikin gida yake, tsakanin rufi da batir, kuma wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne na sanyi. Kowa yana zaton da tsakar ranar bazara faranti ya fi ƙarfi. A wajen bolt, akasin haka ne: zafi na rage shi, sanyi na ƙara shi. Lambar da ke bayan faranti an auna ta ne a digiri 25. Babban faranti na wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa kaya ba. Mai haɗawa ya jera uku a layi ɗaya a watan Mayu, ya samu ƙasa da 150, na'urar cajinsa kuma an rubuta mata iyaka 150, ya ce ya yi daidai. Sai hunturu ya zo. Da safiyar Janairu, sanyi ya sauko wajen digiri 12, rana ta fito ta bugi faranti masu sanyi, bolt ya ƙaru da kashi uku ko huɗu cikin ɗari, ya tsallake iyakar. Na'urar da ta yi wata takwas lafiya ta mutu da hantsi, a ce jabu ce. Mai aikin da ya san hannunsa yakan bar sarari na kashi 15 ko 20.

Wutar faranti da ta batir kuma miƙe take tafiya, ba ta kai-komo. Ta layin gari tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, don haka in tartsatsi ya tashi a mahaɗi yakan mutu da kansa. Ta faranti in ta kama, sai ta riƙe kamar walda, muddin akwai rana. Wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda a kan rufin kwano, ko bireka ta wutar gari da aka sa a layin faranti don ta fi araha, nan gobara ke farawa, kuma a gidan da ke da azara da zana a ƙarƙashin kwano ba ta jira. Haka kaurin waya. Kayan da ke cin wat 2,400 amfiya 11 suke ja a kan bolt 220, amma a gefen batir mai bolt 24 amfiya 100 ne. Zafin da waya ke yi kuma ba ninki ɗaya yake bin amfiya ba: in ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. A kasuwa akwai waya mai ja kamar tagulla wadda cikinta alminiyam ne, in ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari. Kuma kowane batir yana bukatar fis a kusa da kansa, don in wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya zubo ɗaruruwan amfiya nan take.

Sai tsawa. Daga Yuni zuwa Satumba, ba sai aradu ta faɗa kan gida ba. In ta sauka a nesa kaɗan, doguwar waya tana ɗaukar bugun, ko ta turke ko wadda ta sauko daga rufi, ya shigo da dubban bolt na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya huda cikin inbata. Na'urar kare tsawa aikinta ta buɗe wa bugun hanya zuwa ƙasa, kuma gida mai wuta biyu guda biyu yake bukata, ɗaya a gefen faranti, ɗaya a gefen layin gari. Sai dai ba ta da amfani in hanyar ƙasar ba ta da kyau, kuma a nan ƙasarmu ke ba da wahala. Jigawar Kance rairayi ce, busasshen rairayi kuwa ba ya karɓar wuta. Guntun rodi da aka buga taku biyu a gindin bango ado ne kawai. Ana bukatar sandar tagulla mai tsawo, ko biyu ko uku a haɗe da tazara a tsakaninsu, a wurin da ke riƙe danshi. Masu zuba gishiri da gawayi a ramin suna samun sauƙi na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin ƙarfen, don haka sai an riƙa dubawa.

Dokar lantarki ta Nijar ta 2016 ta san da mai samar wa kansa wuta, akwai kuma hukumar ARSE mai sa ido a fannin makamashi, da ANERSOL mai kula da harkar wutar rana. A ganina abin da ya fi gaggawa a gari kamar Kance bai kai girman waɗannan ofisoshi ba. A san gidaje nawa ne ke da inbata a ƙarƙashin kowace taransifoma, kowacce nawa take ja, a kan wace waya take cikin ukun. Da wannan kaɗai za a iya raba nauyi, a san wadda za a canja kafin ta ƙone, ma'aikaci kuma ya san ƙofofin da zai ƙwanƙwasa kafin ya hau turke. Mutane suna ɓoye solarsu ne don tsoron kada rajista ta zama haraji, kuma muddin ba a cire musu wannan tsoron ba, ba za su faɗa ba.

Wanda ya riga ya haɗa tasa kuma yana so ya san matsayinsa, gwajin ba ya cin minti biyar, amma mai gyaran wuta ne zai yi shi da abin awo. A sauke birekar da ke wajen mita, a kunna inbata ta ɗauki gida, sannan a auna wayar da ke gefen gida na birekar. Sifili ya kamata a gani. In ta nuna 220, wannan birekar kaɗai ce tsakanin inbata da turke, sai a kashe, kada a sake kunnawa sai an sa makunnin sauya layi.